Kunkurun Kaka da Bakunan Motar Baba

Duk wanda ya ce mini tatsuniya abin lallashin yara ce don su yi barci, na san bai taɓa zama gaban Kakata ba. Ita da tatsuniya take yin faɗa. In ka yi mata laifi da rana ba za ta ce maka uffan ba. Sai an ci tuwo an wanke hannu, mu jikoki mun kewaye murhunta, ta tura dankali cikin toka, sannan ka ji labarin wani biri ko wata zabuwa da ta yi daidai abin da ka yi, har da irin tafiyarka. Kowa ya kwashe da dariya, kai kuwa ka rasa inda za ka sa kanka. Ni ta fi kamawa, don ni ce mai tsiwar gidan, kuma daga wajenta na gado.

Unguwarmu ta manoma ce kusa da Gozaki, a shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, lokacin da auduga ce komai a ƙasarmu. Kaka tana nan kan addinin iyayenta na gargajiya, mu kuma muna zuwa coci, kuma ban taɓa jin wannan ya haɗa ta faɗa da kowa ba. Abin da ya haɗa ta faɗa da ɗanta, wato mahaifina, wasu ƙarafa ne guda biyar.

Baba tsohon soja ne, can ya koyi tuƙi. Da ya dawo sai ya samu aiki wajen wani Alhaji a Funtuwa wanda ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo. Doguwar mota ce mai launin ganyen kuka, mai ƙaton baya. A bayan nan akwai rumfa ta tampol, kuma abin da ke ɗauke da tampol ɗin su ne ƙarafan nan biyar, lanƙwasassu, kowanne da ƙafa biyu da ke shiga cikin ramukan da aka yi musu a gefen bodi. Baba yana ce musu bakuna, don sun yi kama da bakan maharbi. In ruwa ya sauka ko rana ta yi zafi, mutanen da ke bayan motar a cikin ɗaki suke.

In lokacin girbi ya yi, aka fara jigilar auduga zuwa Funtuwa, dole a sauke rumfar don a yi lodi ya yi tsawo. Na sha tsayawa ina kallon Baba yana wannan aikin, kuma ba ya yarda kowa ya sa masa hannu. Ya kwance igiyoyi, ya ja tampol ƙasa, ya ninke shi ya ɗora kan rufin gaba. Sannan ya zare bakunan ɗaya bayan ɗaya, daga na baya yake farawa, ya kai su can gaba, bayan kan direba, inda sojoji suka yi wasu ramuka kusa da juna don wannan kaɗai. Ya jera su a tsaye, ya cusa tsumma tsakaninsu don kada su yi ta ƙara a hanya, ya ɗaure su da ɗamarar fata har sai ya girgiza ya ji ba sa motsi.

"Me ya sa ba za ka bar su a gida ba, Baba?" na taɓa tambayarsa. "Ai ba ruwa yanzu."

"Asabe, ba a raba mota da bakunanta," in ji shi. "A soja in aka kama ka ka bar su a bariki, sai ka yi bayani. Ba ka san ranar da za ka ɗauki marar lafiya ba."

Da bakinsa ya faɗa mini haka. Shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ƙona mini rai.

Wata rana da yamma motar ta shigo unguwa, lodi har sama, amma bayan kan direba ba komai sai buhuna. Alhaji ya lura wurin da bakunan ke tsayawa zai ci ƙarin buhun auduga biyu, ya ce a sauke su a bar su a gidansa a Funtuwa. Baba ya sauke. Tampol kaɗai aka bar masa, don shi a kan rufin gaba yake, bai tare wa buhu wuri ba.

Kaka na zaune tana kaɗi ta ɗaga kai ta dubi motar, ta daɗe tana duba. Sannan ta dubi Innata, wadda cikinta ya fara fitowa, ta ajiye mazarinta.

Ga inda matsalar take. Haihuwar Inna ta baya da ƙyar aka sha, ɗan ma bai zo da rai ba, kuma malamar asibiti a Malumfashi ta ja kunnenta cewa in wani cikin ya zo kada ta kuskura ta haihu a gida. Lissafin tsofaffi ya nuna haihuwar za ta faɗo farkon damina. Motar Baba ce kaɗai abin hawa mai ƙafa huɗu da ke shigowa unguwarmu. Kowa a gidan ya san wannan, kuma kowa ya san hadarin farkon damina a ƙasarmu ba ya sallama.

Kuma Kaka ba ta da bakin yi wa Baba magana, don shi ne ɗanta na fari. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta dubansa ido da ido ta ce ga abin da ke ranta. Tun da na yi wayo ban ji ta ce masa komai ba sai amsa gaisuwa, ita ma tana kallon wani wuri. In tana son abu sai ta ce, "Asabe, ce wa direba a sayo mini kanwa." Saƙon kanwa ana ba yaro. Amma ba a ba yarinya faɗa ta kai wa ubanta. Kakanmu namiji kuwa ya daɗe da rasuwa.

To, daren nan da muka taru, sai Kaka ta ja kujerarta ta juya ta yadda bakinta zai fuskanci ɗakin Baba. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, mai kunne ya buɗe."

Muka ce, "Ta iso, Kaka, mun yi mata shimfiɗa."

Ta ce a zamanin da, ƙoƙon bayan kunkuru ba a manne yake ba. Cire shi yake yi in zai yi wanka, ya mayar in ya gama. Kuma faɗinsa ya kai faifai goma, in ruwa ya sauko matarsa da 'ya'yansa duk ƙarƙashinsa suke shiga. Sai kunkuru ya kama aikin dako wajen gafiya, wadda ke fatauci, kuma ba ta taɓa ganin abu ta ce ya isa ba. Ran nan gafiya ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa ƙoƙon, ta ce wannan tulun da kake ɗauke da shi ai ya cinye wurin kaya, cire shi ka ajiye a raminmu, in ka tashi bukata ka zo ka ɗauka. Kunkuru ya ce to. Ya cire, ya miƙa, har da godiya. Ya yi ta dako tsirara, gafiya na yaba masa, shi kuma yana jin daɗin yabo. Ana nan sai gabas ta yi baƙi, aka fara sako ƙanƙara. Matar kunkuru ta kwaso 'ya'ya a guje ta nufo mijinta.

Nan Kaka ta tsaya. Ta tono dankali daga toka ta hau ɓarewa.

"Sai me ya faru, Kaka?"

"Yo ni na sani? Ba ta ƙare ba tukuna."

"Kaka, ba a barin tatsuniya ba a rufe ba!" na ce.

"Ke rufe mini baki, uwar tsiwa. Wadda ta ƙare ake rufewa."

Muka tashi muna gunaguni. Ɗakin Baba shiru, amma fitilarsa na ci, kuma na san ya ji.

Tun daga ranar Kaka ta daina ba mu kowane labari sai wannan. Sanyi ya wuce, aka gama auduga, Alhaji ya sa motar jigilar angurya da gyaɗa, bakuna na can Funtuwa. Zafi ya shigo har muka riƙa ja da baya daga murhu, amma ita tana nan kusa da garwashinta, kullum kunkuru. Kuma kullum labarin ƙara zafi yake. Yau ta ce kunkurun tsohon mayaƙi ne, ya je yaƙi har ƙetaren teku bai ji tsoro ba, ya dawo gida ɓera mai kumatu ya fi ƙarfinsa. Gobe ta ce uwar kunkuru ta yi nadamar nonon da ta ba shi. Ƙananan cikinmu suka gaji suka daina zuwa. Ni ban daina ba, don na riga na gane da wa ake, kuma gaskiya ina jin daɗin yadda take yanka shi.

Kada in zalunci Baba, ya yi magana sau ɗaya. Na ji yana gaya wa Inna cewa ya roƙi Alhaji, Alhaji ya ce a bari a gama kwasar gyaɗa, ya kuma ƙara da cewa direbobi sun yi yawa a Funtuwa, kowace safiya sai ya kori masu neman aiki daga ƙofar gidansa.

"In ya karɓe makullin, me za mu ci, Lami?" in ji Baba. "Kuma da wace motar zan kai ki?"

Inna ta ce, "Allah zai kawo shi da sauƙi." Haka take, ba ta iya matsa wa mutum.

Sau ɗaya ya roƙa, aka harare shi, ya naɗe. Mutumin da ke ɗaure ƙarafa da tsumma don kada su ji ciwo.

Naƙuda ta tashi wata ranar kasuwa bayan azahar, aka yi sa'a motar na gida. Kafin a kimtsa, gabas ta haɗe, iska ta fara kwasar kara daga kan danga. Aka so a sa Inna a gaba, abin ya gagara. Gaban motar soja kujera biyu ce ƙanana, da tudun inji a tsakani, ita kuwa ko zama ba ta iya yi, ɗan ya kwanta a gicciye. Dole a baya, a kwance. Aka shimfiɗa buhuna da tabarma aka ɗora ta. Aka ce in hau, ni zan yi mata aike a asibiti.

Ba mu bar unguwa ba ruwa ya ɓarke. Baba ya sauko da tampol ya rufa mata shi kai tsaye, Inna ta fara ihu ba ta samun numfashi. Tampol ɗin soja ko a bushe nauyi gare shi, balle ya sha ruwa. Gwaggo Jummai, ƙanwar Baba, ta ruga ta kwaso taɓare aka tokare shi da su, motar na motsawa suka zube, ɗaya ta kusa faɗa wa Inna a ciki. Baba ya tsaya cikin ruwa, hannu a kai, ya rasa abin yi.

Sai Kaka ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi gammo, ta ɗora a ka, ta kama bodin motar ta hau. Tsohuwar da sai an miƙa mata hannu take tashi daga tabarma.

"Jummai, yi gammo. Ku ma ku yi. Mutum biyar muke nema."

Matan gidanmu da na maƙwabta suka hau. Suka durƙusa a gwiwa, biyu a wannan gefe, biyu a wancan, Inna a tsakiya, suka ɗauki tampol a ka kamar masu dawowa daga rafi. Kaka ta ɗauki can baya, wajen ƙofa, inda ba abin da ke tare ruwa, ta riƙe bakin tampol da hannu biyu don kada iska ta ɗage shi. Rabin jikinta a waje yake.

Baba ya zagayo baya. Bai dube ta ba, ƙanwarsa ya duba.

"Jummai, ki roƙi Iya ta sauko ta shiga gaba. Don Allah."

Kaka ta ce, "Jummai, ce wa direba ya yi tuƙinsa."

Ba zan manta hanyar nan ba. Ina tsugune wajen kan Inna, ta riƙe hannuna har na ji ƙashina zai karye. Duhu ne a ƙarƙashin tampol, sai warin tsohon mai da jiƙaƙƙen buhu. Duk ramin da motar ta faɗa, sai in ji gwiwoyin matan sun bugi katako, wata ta yi salati, wata ta kira Yesu. Ruwa ya taru a tsakiyar tampol ya yi tumbi, sai Gwaggo ta ce "ɗaya, biyu," su miƙe wuya tare su tunkuɗe shi ya zuba gefe, galibi ta bayan Kaka. Ita ba ta kira kowa ba. Zagi kawai take yi ƙasa-ƙasa, tana zagin gafiya da uwar gafiya da ramin gafiya, tun daga Gozaki har muka wuce Kafur. Ko a lokacin sai da Gwaggo ta yi dariya cikin kuka.

Muka isa Malumfashi gab da magariba. Inna ko ɗigo bai taɓa ta ba daga ƙirji zuwa ƙafa. Aka shiga da ita, aka yi mata aiki, aka ciro ƙanena da ransa. Kaka kuwa sai da aka ɓamɓare yatsunta daga bakin tampol, sun ƙage. Ta ƙi yarda malaman asibiti su duba ta, ta ce ba ita ta zo haihuwa ba.

Sanyin nan ya shiga ƙirjinta bai fita ba. Da muka dawo gida da jariri na tarar tana tari mai tsaga, ta rame, ba ta iya fitowa murhu. Aka kai mata kasko da garwashi ɗaki. Muka taru wajenta wata yamma, ta ɗauki jaririn ta jinjina shi ta ce ya cika nauyi kamar wanda ya ci tuwo a ciki. Ƙanwata ta ce, "Kaka, ki ƙarasa mana ta kunkuru. Ya je ya karɓo ƙoƙonsa?"

Baba na tsaye a bakin ƙofa, ta waje, inda ya saba tsayawa. Kaka ta yi tari mai tsawo, ta share baki.

"Ku tambaye shi," in ji ta. "Yana da baki."

Gero bai fitar da kai ba ta rasu.

Na yi shekaru ina fushi da mahaifina, kuma ba na ɓoyewa. In ya aike ni sai in je, amma ban ƙara tsayawa kallonsa yana aikin mota ba. Sai da na girma na yi aiki a ƙarƙashin wani, na ga yadda harshe ke nauyi a gaban mai iya korar ka, sannan na rage. Na rage ne kawai. Har yanzu ina ganin da ya koma ya roƙa karo na biyu da na uku, da ya ce ba zai tayar da mota ba sai da bakunanta, da wataƙila Alhaji ya yi tsaki ya ce a ba shi tarkacensa.

Ita ma Kaka ban bar ta ba, duk son da nake mata. Wata da watanni tana da magana a baki wadda za ta iya hana duk wannan, ta tsaya tana zagaye da kunkuru saboda kunya. Mace mai zuciyar da za ta ɗauki tampol a ka cikin hadari, amma ba za ta iya taka tsakar gida ta ce wa ɗan da ta haifa "je ka karɓo" ba. Da ina yarinya na ɗauka darasin labarin shi ne kada ka ba wani abin da iyalinka ke fakewa a ciki. Yanzu ina ganin har da na mai ba da labarin: in abu ya kai ga rai, a faɗe shi a fili, da sunan mai shi. 'Ya'yana sun san ni, babba da ƙarami, ba na aika musu dabbar tatsuniya da saƙo.

Amma wanda ban rage wa komai ba shi ne mai motar, kuma ga dalili.

Ba a daɗe da share makokin Kaka ba, ina tsakar gida ina goyon ƙanena, na ji ƙugin motar. Na leƙa, sai na ga rumfa a tsaye. Bakuna biyar cif, kowanne a raminsa, tampol a miƙe an ja igiyoyi tamau, ko tattara babu. Na ce a raina ashe Baba ya yi magana, ashe ya je ya buɗe baki, ko da an makara. Na ruga da goyo a baya na kama ƙofar baya na ɗaga tampol.

Buhunan gishiri ne, an jera su har sama. Alhaji ya samu kwangilar kai gishiri kasuwannin ƙauye, kuma shi da kansa ya sa aka fito da bakunan tun da asuba, ya tsaya a kai har aka ɗaure, ya ja wa Baba kunne kada ya bari ko ɗigo ɗaya ya taɓa masa kaya.

Na sa hannu na shafa buhun da ke kusa da ƙofa, daidai inda Kaka ta durƙusa. A bushe yake ƙayau.